Yadda Baba Maigadi Ya Koma Gininsa

Shekara goma sha tara Baba Maigadi ya yi yana tsaron wani gini da babu kowa a cikinsa. Tsohuwar makarantar kwana ce ta 'yan mata, ta mishan, hawa huɗu, da jan bulo, a kan wani ɗan tudu arewa da garin Silver Spring a Amurka. An gina ta tun ba a haifi kakana ba. Da ɗalibai suka ƙare aka rufe ta, masu ita suka rasa yadda za su yi. Doka ta hana su rushewa saboda an sa ta cikin gine-ginen tarihi, su kuma ba su da ƙarfin gyara. Sai suka nemi wanda zai zauna a ciki, ya kori masu fasa gilashi, ya riƙa kunna ɗumi lokacin sanyi don kada ruwa ya daskare a bututu.

Shi mutumin Maraɗi ne. Tasi ya tuƙa a Washington har bayansa ya gaza. Matarsa ta rasu a nan, 'yarsa guda ɗaya tak ta yi aure ta koma Ohio. Duk Bahaushen da ke yankin nan da Baba Maigadi ya san shi, kuma ban taɓa ganin ya ji haushin sunan ba.

A masallacin Juma'a na san shi, shekarar da muka taso daga Kano. Ni injiniya ne, aikina bututan ruwa da na'urorin ɗumama gini. Matata tana da cikin fari a lokacin, ba ta son komai sai miyar yakuwa, na zaga shagunan 'yan Afirka kaf ban samu ɗanya ba. Ina ba wani abokina labari bayan an idar da sallah, sai wani dattijo dogo mai furfura a gemu ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Yaro, ka taho ran Lahadi da jikka."

Da na je na ga abin mamaki. A bayan ginin, wurin da 'yan makarantar suke shanya a da, ya yi kunyoyi reras: yakuwa, rama, kuɓewa, tattasai. Har da gero layi biyu, wanda bai taɓa nuna ba kafin sanyi ya kashe shi, amma duk shekara sai ya shuka. Daga ranar, duk Lahadin bazara muna can. Mata suna tsinkar ganye suna hira, mu maza muna kan benci yana dafa mana shayi a ɗan murhun gawayi. A wurin 'yata ta fara tafiya. Idan ka ce za ka ba shi wani abu sai ya ɓata rai ya ce, "Ƙasar ma ba tawa ba ce, mi zan sayar maka?"

Bayan shekara takwas wani kamfani ya sayi ginin. Za su mayar da shi gidan kula da tsofaffi, irin wanda ake kai mutum idan ya kasa yi wa kansa wanka da cin abinci, ya zauna a can har ƙarshe. Cikin ikon Allah kamfanin da nake wa aiki ya sami kwangilar bututai da ɗumi, kuma ni aka ba jagorancin aikin. Shi ne babban aiki na farko da aka taɓa damƙa mini. Da murnata na je na gaya masa.

Na ce, "Baba, gininka zai farfaɗo."

Ya ce, "To, madalla. Ya gaji da kaɗaici. Ko ni na gaji."

Zanen ginin da aka ba mu shirme ne zalla. An yi ta ƙara bututu a kan bututu tsawon shekaru ba wanda ya rubuta. Muka yi kwana huɗu muna fasa inda babu komai. Rana ta biyar na ajiye girman kai na kira Baba. Ya ɗauko sandarsa ya shige gaba, ni da shugabana, wani Bature mai yawan gaggawa, muna binsa da littafi. Sai ya ƙwanƙwasa bango ya kasa kunne ya ce nan na ruwan zafi ne, ya hau sama ta bayan wancan kabad. Nan kuma matacce ne, kada ku ɓata lokaci. Turancinsa gurgu ne, da Faransanci a ciki jefi-jefi, amma babu wanda bai gane shi ba. Mako uku muka yi a haka. Da muka gama, shugabana ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce ya rage mana aikin wata uku.

A ranar, muna saukowa daga bene mu biyu, ya tsaya a tsakiyar matakala yana haki.

Ya ce, "Injiniya, in an gama wanga aiki za su bukaci wanda ya san gidan. Ko shara ce zan yi. Ka yi mini magana wajen Nasarun nan."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai ba sai ka roƙa ba. Ka bar shi a hannuna."

Na yi maganar. Sau ɗaya na yi ta, a tsaye, a bakin ƙofa, ga manajan masu ginin yana duba wayarsa. Ya ce sun riga sun yi yarjejeniya da kamfanin tsaro, shara ma akwai masu yi, sannan ya tambaye ni shekarun mutumin nawa. Na faɗa masa. Ya ɗaga gira. Na ce na gane, na gode. Ban sake tayar da zancen ba. Ni kaɗai ne baƙar fata a teburin taron aiki da ake zama duk Talata, kuma ba na so a ce ga wanda yake cusa 'yan'uwansa. Baba kuwa duk lokacin da ya tambaye ni sai in ce ana kan magana.

Akwai wata mata daga ofishin kula da gine-ginen tarihi da take zuwa duba aikin. Ita ce ta sa aka cire tagogin ginin ɗaya bayan ɗaya, sun fi ɗari, kowace aka rubuta mata lamba, aka naɗe ta kamar jaririya, aka kai wani gari aka gyara aka dawo da ita gurbinta. Makarin katakon matakala da barguna aka lulluɓe shi. Akwai ranar da wani lebura ya ɓantare wata 'yar furen ado a silin babban zaure, ta tsayar da aiki kwana huɗu cur. Bangon arewa na zauren kuwa ta ce ko ƙusa kada a buga masa, don haka tsohon bututun da ke cikinsa muka bar shi, muka haɗa da sabo. Ba na ganin laifinta. An ba ta amana ta riƙe. A duk waɗanda suka yi aiki a wurin, da ni a ciki, ban ga wanda ya kai ta tsayawa kan abin da aka ba shi tsaro ba.

Wasiƙar Baba ta zo wata na huɗu da fara aiki. Kwana talatin aka ba shi ya kwashe kayansa. Ya kawo mini ita in karanta masa, ko da yake na san an riga an karanta masa. Na karanta ina inda-inda. Bai tambaye ni komai ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Lambun, katafila ta share shi da safe guda, aka zuba kwalta aka ja farin layi don fakin motoci. Ranar da zai tafi ya kawo makullan ginin a cikin wani tsohon gwangwani, dami guda. Yarinyar da ke ofis ta rasa abin da za ta yi da su, domin duk ƙofofin da kati za a riƙa buɗe su. Matar tarihi ce ta zaɓi guda uku mafiya tsufa, aka goge su aka sa a akwatin gilashi a bakin shiga, da ɗan rubutu a ƙasa cewa makullan makarantar ne na asali. Suna nan har yau.

An yi bikin buɗewa bayan shekara ɗaya da rabi. An jera hotunan matan mishan da suka kafa makarantar, da na wanda ya zana ginin, da na 'yan mata cikin fararen riguna. An kira sunan kamfaninmu aka yi tafi. Na sa kwat na je, na ci na sha. Ba a gayyaci Baba ba, ni ma ban gaya masa ranar ba.

Ya koma zama a wani ɗan ɗaki a gidan wani ɗan garinsu cikin Silver Spring, hawa na uku. Ya sami aikin zama a rumfar wani wurin fakin yana miƙa tikiti. Muna haɗuwa Juma'a, mu gaisa, ya tambayi yara. Haka har shekara biyu. Wata safiya yana jiran bas ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama gaba ɗaya.

'Yarsa ta zo daga Ohio. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sama-sama amma da Turanci take amsawa. 'Ya'yanta uku, mijinta direban tirela ne da yake yin mako biyu bai kwana gida ba, gidansu ɗaki biyu ne a saman bene. Asibiti suka ce sun yi iyakar nasu, kafin ƙarshen mako a nemi inda za a kai shi.

Bayan sallar Juma'a aka tsaya a harabar masallaci ana tattaunawa. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce mu ba Turawa ba ne da za mu kai uba gidan gajiyayyu. Wani ya ce 'yar ba ta da tarbiyya, haihuwar Amurka ce. Wani likita a cikinmu ya kawo hadisi. Sai wani direba ɗan Damagaram ya ce, "To, duk mun ji. Wa ke da ɗaki?" Nan take kowa ya shiga neman takalminsa. Akwai masu gida mai ɗaki biyar a Fort Washington a cikin taron. Ni ma gidana ba ƙarami ba ne.

Da na koma gida matata tana yanka albasa, na ba ta labari ina kushe mutane. Ta bari na gama.

Ta ce, "Ɗakin ƙasa da muke jibge kaya fa?"

Na ce, "Akwai matakala uku kafin a shiga."

Ta ce, "Kai ne fa injiniya."

Na ce, "Wa zai riƙa ɗaga shi? Wa zai kai shi banɗaki? Ke kina aiki, ni ina aiki."

Ta ce, "Ni ban ce babu wahala ba. Yakuwarsa na ci da cikin 'yarka."

Na ce mata likitoci sun ce mutum irinsa sai inda akwai nas dare da rana. Gaskiya ne sun faɗa. Amma na san irin sanyin da na ji a raina lokacin da suka faɗa, kuma ina jin ita ma ta gani a fuskata.

Washegari na buga wa manajan nan waya. Wannan karon na yi naci, na tuna masa aikin da muka yi tare, na kira shi sau uku. Cikin kwana biyu aka sami gado a gidan tsofaffin da muka gyara. Har mutane suna yaba mini, wai Injiniya ya yi ƙoƙari.

Ba a tsohon ginin aka sa shi ba. Ɗakunan nan masu dogayen tagogi na masu hali ne. A baya an ƙara wani sabon ɓangare na siminti, mai gajeren rufi, na waɗanda gwamnati take ɗaukar nauyinsu, mutum biyu a ɗaki da labule a tsakani. Ranar da muka kai shi, ni na tura shi a keken marasa lafiya. Da muka bi ta babban zaure ya ɗaga kai yana kallon sili, yana bin bango da ido. Da muka isa ɗakinsa na juya shi wajen taga. Motoci ne jere a waje. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna wata jar mota, da bakinsa da ya karkace ya ce, "Nan kuɓewa take."

Ciwon ya tafi da Turancinsa ƙarƙaf, har da Faransancin. Hausar Maraɗi kaɗai ta rage masa, ita ma a tauna. A duk gidan babu mai jin ta. Idan ya yi magana sai su yi murmushi su dafa kafaɗarsa. A fayil ɗinsa aka rubuta cewa yana da ruɗewar tunani.

Ba zan yi musu ƙarya ba, babu wanda ya taɓa dukansa ko ya zage shi. Ma'aikatan yawancinsu baƙi ne irinmu, a gajiye suke, mutum ɗaya da tsofaffi goma sha. Ba sa ba shi naman alade, sun kiyaye. Amma mata ne suke masa wanka, mutumin da ko hularsa ban taɓa ganin ya cire a gaban mace ba. Idan suka shigo da tawul sai ya runtse ido har su gama. Matata ta kai masa wani ɗan dutse mai santsi don taimama. Sau biyu masu shara suna jefar da shi, wai zai iya jin ciwo da shi. Na uku sai ta ɗinka masa 'yar jaka ta ɓoye a cikin rigar matashi. Duk Lahadi muna kai masa kunun gyaɗa da tuwo miyar kuka, ita take ba shi a baki da cokali, ni ina zaune ina ba shi labarin masallaci ina duba agogo a sace. Daga cikin masu jawabin harabar masallaci, direban nan ɗan Damagaram kaɗai na taɓa tararwa a wurin.

Da sanyi ya fara shigowa, wajen watan Nuwamba, wata nas ta kira ni ta ce Baba ya rikice. Wai kullum sai ya ja kekensa da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ya nufi ƙofar da ke sauka ƙasan gini, yana buga ta yana ihu. Sun ɗaura masa wani abu a idon sawu da ke sa ƙararrawa ta yi kuka idan ya matso kusa da ƙofa, likita kuma ya rubuta masa maganin kwantar da hankali. Ranar Talata ta kira. Na ce zan zo Lahadi.

Na same shi kansa a langaɓe, yawu yana zuba a kan rigarsa. Da ya gane ni sai ya cafki wuyan hannuna da wani ƙarfi da ban san yana da shi ba.

Ya ce, "Bawul. Bangon arewa."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Duk mun canja bututan nan."

Ya girgiza kai. "Ba ku canja wanga ba. Madam ta hana."

Sai da na kusan rabin awa ina haɗa maganarsa kafin na gane. An tura tsofaffin zaure kallon masu waƙa, ya ga fenti ya kumbura a gindin bangon arewa. Tsohon bututun nan da matar tarihi ta sa muka bari yana da wani reshe da ya fita waje, zuwa wani famfo da aka daɗe da toshewa. Duk shekara kafin ƙanƙara yakan rufe bawul ɗinsa, wato marfin da ake murɗawa a tare ruwa, ya tsiyaye ruwan. Tun da ya tafi babu wanda ya yi. Ya tabbata bututun ya riga ya tsage, kuma sanyi ɗaya mai ƙarfi zai fasa shi.

Nan take na tuna. Ya nuna mana bawul ɗin nan da sandarsa tun a makon farko. Na rubuta a littafina, ban mayar da shi cikin zanen ƙarshe da muka miƙa wa masu ginin ba.

Na nemo shugaban masu gyara na gidan muka sauka. A ƙarƙashin matakala, bayan wani allon katako, muka sami bawul ɗin a buɗe, ya yi tsatsa, bulon da ke kewaye da shi jiƙe sharkaf. Muka rufe. Kwana tara bayan haka aka yi sanyin da ya daskarar da komai. Da bututun ya fashe, da silin nan mai furanni ya zubo a kan mutane.

Manaja ya aika wa kamfaninmu wasiƙar godiya da sunana a ciki. Na je ofishinsa na ce ba ni ba ne, tsohon nan ne na ɓangaren baya, wanda suke cewa ya ruɗe. Ya ce kai, abin sha'awa. Na ce to a cire masa abin ƙafar, a daina ba shi maganin. Ya ce wannan hurumin likita ne, likita kuma ran Alhamis yake zuwa, sannan sai an sami sa hannun 'yarsa, sannan a rage maganin a hankali. Mako biyar aka ɗauka. Kalmar ruɗewa kuwa ba a goge ta daga fayil ba. Ni ma a duk zaman da na yi a ofishin nan ban faɗi wanda ya manta da bawul a zane ba.

Lokacin da maganin ya sake shi, ya riga ya rage magana. Na gaya masa an rufe, gini ya tsira, shi ne ya cece shi. Ya ce, "To." Ya juya fuska wajen labule.

Daga nan zuwana ya fara ja baya. Na sami wani aiki a Baltimore, na fake da shi. Matata takan tafi ita kaɗai da kwanon kunu, ta dawo ta ce ya tambaye ni, in ce mako mai zuwa. Gaskiyar ita ce na tsani warin maganin wanke ƙasa na ɓangaren bayan nan, kuma na tsani yadda yake kallona ba tare da zargi ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Lahadi uku a jere ban je ba. Ranar Laraba da hantsi 'yarsa ta kira ni tana kuka. Kafin in iso bayan azahar an cire zanin gadon, an goge katifa, kayansa suna cikin leda biyu a bakin ƙofa da lambar ɗaki a jiki. Ta ƙofar da ake shigo da kayan abinci aka fitar da shi, domin ba a bi da gawa ta zaure.

Jana'izarsa ta cika maƙil. Motoci har bakin titi. A maƙabarta wanda ya ce mu ba Turawa ba ne ya sake yin jawabi, ya ce ga abin da zaman ƙasar nan yake jawo mana. Mutane suna ta gyaɗa kai. Na ji kamar in shaƙe shi, amma da wane bakin zan yi magana?

Ranar sadakar uku da yamma 'yar ta zo gidanmu kafin ta kama hanyar Ohio. Ta zauna a falo ta fito da wayarta. Ta ce zuwanta na ƙarshe, kwana goma kafin rasuwar, ya yi ta yi mata magana ba ta gane rabi ba, sai ta ɗauki muryarsa. Minti shida ne. Da Turanci ta ce, "Kawu, don Allah ka fassara mini. Ba na so in tambayi wani."

Ta kunna. Muryar ta fito a tauna, da ƙarar talabijin ɗin maƙwabcin gadonsa a baya. Tana tsayarwa ina fassarawa, matata tana zaune a hannun kujera. Ya ce a binne shi a nan kusa da uwarta, kada a wahala da kai shi gida. Ya ce ta koya wa yara Fatiha ko da ita kaɗai ce. Ya ce ya yafe mata, kada ta saurari maganar mutane, ya san ba ta da wuri. Ta rufe fuska da gyale, muka jira ta.

Ta sake kunnawa. Ya yi tari, sannan ya ce, "Injiniya ya bar zuwa. Kar ki yi hushi da shi. Ba shi iya kallona ne. Matarsa ɗiyar albarka ce."

Ta tsayar ta dube ni.

Na ce, "Yana cewa ki gode wa Injiniya da matarsa."

Ta juya wayar a hannu. Sannan ta ce, da Hausarta mai karyewa, wadda ban taɓa jin ta yi mini ba, "Kawu, wannan na ji shi."

Matata ta tashi ta shiga kicin, na ji ta buɗe famfo. Ni da yarinyar muka zauna ba mai kallon wani. Can ta share ido da bayan hannu ta ce saura minti uku, kuma tana so ta kama hanya kafin duhu. Ta danna. Sauran duk sunayen dangi ne a Maraɗi da yake so ta kira ta sanar da su, da unguwar kowa, da wanda za ta fara kira don kada wani ya ji haushi. Na ɗauko biro da takarda na rubuta mata su ɗaya bayan ɗaya, yadda ya faɗa.